Wuni Guda a Hyde

Ƙanwata Auta ce ta tayar da maganar, a darena na biyar a gidanta da ke Manchester. Ta dawo daga aikin jinya a gajiye, ta zauna tana kwance igiyar takalmi, sai ta ce yau sun sha fama da wani tsoho da ya ƙi miƙa hannu a yi masa allura. Sai da aka karanta masa sunan maganin sau biyu, 'yarsa kuma ta rubuta a 'yar takarda ta jefa a jaka. Na ce ai rigimar tsufa ce, ko'ina haka take. Ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, mutumin Hyde ne fa. Da ka san garin da ba ka faɗi haka ba."

Sunan Harold Shipman ba baƙo ba ne a kunnena. Na ji shi a rediyo a farkon shekarar 2000, aka ce wani likita a Ingila ya kashe majinyatansa 15. Na yi salati, na ci gaba da abin da ke gabana. Ban taɓa kawowa a raina cewa garin da abin ya faru yana da kasuwa da tashar mota da tsofaffin da har yau suke tsoron allura ba. Auta ba ta da aiki ranar Asabar. Na ce ta kai ni.

Muka shiga jirgi a tashar Piccadilly da hantsi, ana yayyafi irin nasu, wanda ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka taɓa kafaɗarka. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, don Hyde bai wuce kilomita 11 gabas da birnin ba. Ta taga ina kallon gidajen jan bulo a jere, manne da juna, da gine-ginen tsofaffin masaƙu da suka daina aiki. Auduga ce ta gina waɗannan garuruwa, kuma ni da na tashi a Zariya ina jin manya suna zancen dilolin audugar da ake lodawa zuwa Ingila, sai na ji kamar sawun kayanmu na biyo. Muka wuce Guide Bridge, muka wuce Hyde North. A tsakanin nan Auta ta ba ni tarihin mutumin da murya ƙasa-ƙasa, don ta ce ba sunan da ake ɗaga murya da shi ba ne a wannan layin.

An haife shi ranar 14 ga Janairu 1946 a Nottingham, a unguwar masu ƙaramin ƙarfi, mahaifinsa direban babbar mota. Yana da shekara 17 cutar dajin huhu ta kashe mahaifiyarsa, a 1963. A kwanakinta na ƙarshe likita yakan zo gida ya yi mata allurar mofin, yaron yana kallo, ciwon ya lafa ta samu barci. Marubuta da yawa a nan suke rataye komai, su ce daga nan abin ya faro. Ni ban gamsu ba. Marayu nawa ne suka ga irin wannan suka tashi da tausayi a zuciya? Shi kansa bai taɓa amsa laifi ko guda ba har ya bar duniya, balle ya faɗi dalili.

Ya gama karatun likita a Leeds a 1970, ya yi aiki a babban asibitin Pontefract, a 1974 ya koma garin Todmorden a matsayin likitan unguwa. A can ne, a 1975, abokan aikinsa suka gano yana rubuta maganin kashe zafi mai suna fetidin da sunan marasa lafiya yana ɗirka wa kansa. Kotu ta ci shi tarar fam 600. Ya je aka yi masa maganin shaye-shaye a York. Majalisar likitocin ƙasar ba ta ƙwace lasisinsa ba, takardar gargaɗi kawai ta aika masa. A 1977 ya samu gurbi a wata cibiyar likitoci a Hyde mai suna Donneybrook. Bincike ya nuna daga baya cewa tun kafin ya iso nan ya riga ya kashe wata tsohuwa mai shekara 70 a Todmorden, a watan Maris na 1975.

Daga tashar Hyde Central zuwa tsakiyar gari tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Ga ginin majalisar gari da hasumiyarsa mai agogo, ga filin kasuwa, ga wata tsohuwa tana jan jakar cefane mai taya, ta tsaya ta gyara hular ruwan da ta ɗaure a haɓa. Na bi ta da ido har ta sha kwana. Auta ta taɓa hannuna ta nuna min wata ƙofa a cikin jerin shaguna a kan Market Street, wato Titin Kasuwa. Lamba 21. Nan ne ya buɗe asibitinsa shi kaɗai a farkon shekarun 1990, bayan ya rabu da abokan aikinsa. Ban ga wata alama ba, ban ga komai da zai ja ido ba. Ƙofa ce irin wadda za ka shiga ka sayi gilashin ido ko ka biya kuɗin wuta.

Abin da ya fi tsaya min a rai, ina tsaye a gefen titin nan, shi ne yadda mutanen garin suke son sa. Kimanin mutum 3,000 ne ke cikin rajistarsa, wasu kuma suna neman shiga. Shi ne likitan da zai biyo ta gidanki ba ki kira shi ba, ya ce ya zo wucewa ne ya ga bari ya duba jikin. Zai zauna, ya saurari ƙorafinki har ki gama, ya tambayi jikokinki. Wa zai ƙi irin wannan likita? A wurinmu da addu'a za a bi shi kullum, a aika masa da ƙwai da zabi. Tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wani gari, idan ta hango motarsa ta taga da murna take buɗe ƙofa, ta ɗora ruwan shayi.

Yawanci bayan azahar yake zuwa. Ya ce zai ɗebi jini, ko zai yi wata allura. Ta naɗe hannun riga da kanta. Abin da ke cikin sirinjin dayamofin ne, maganin da ake ba masu ciwon daji don rage raɗaɗi, amma a ma'aunin da ke tsayar da numfashi cikin mintuna. Yana tara shi ne ta hanyar rubuta wa masu ciwon daji fiye da buƙata, ko ya karɓo musu da kansa daga kantin magani ya riƙe, ko ya kwashe ragowar bayan sun rasu. Daga nan sai ya fita ya bari wani ya zo ya tarar da ita, ko kuma ya kira 'yan'uwa da kansa ya ce zuciya ce ta buga. Yakan ce ya kira motar asibiti sannan ya soke kiran da ya ga rai ya yi halinsa. Bayanan waya suka nuna babu kiran da aka yi. Yakan ce ba sai an yanka gawa an bincika ba, kada a wahalar da ita, kuma masu makoki su yi masa godiya. Sai ya koma ofis ya buɗe kwamfuta ya ƙara wa marigayiyar ciwon zuciya ko hawan jini a tarihinta, ya sa kwanan watan baya. Wasu ma a bayan wannan ƙofar da nake kallo suka cika.

A shekarar 1997 kaɗai, mutum 37. A gari ɗaya, a hannun mutum ɗaya.

Na tambayi Auta yadda aka yi ba wanda ya lura. Ta ce an lura, Yaya, sai dai dubi su wa suka lura. Akwai wani direban tasi da ke kai tsofaffin mata cefane da asibiti, ya ga fasinjojinsa suna ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, matan da ya sauke jiya da ƙafafunsu. Ya fara rubuta sunayensu a takarda, har suka kai 21, yana jin tsoron magana, don wa zai saurari direba a kan likita? Akwai masu sana'ar shirya gawa na garin, waɗanda suka ga abin da bai yi kama da mutuwar da suka saba gani ba. Mai jinya a gado yake mutuwa, cikin kayan barci, da kwalaben magani a gefe. Su kuwa na Shipman a zaune ake tarar da su a kujerar falo, cikin cikakkiyar sutura, kamar masu jiran baƙo.

Sai kuma likitar tsallaken titi. Na tsallaka na tsaya a inda asibitinsu na Brooke yake, na waiwayo na kalli ƙofar lamba 21. Kusan ƙofa da ƙofa ne. A dokar ƙasar a lokacin, kafin a ƙona gawa, wanda shi ne abin da yawancinsu suke yi a maimakon binnewa, sai likita na biyu ya sa hannu a takarda. Shipman yakan tsallako nan neman sa hannu. Dokta Linda Reynolds ta ga takardun sun yi yawa, ta kwatanta da na asibitinsu da ya fi nasa yawan mutane, lissafi ya ƙi fita. A watan Maris na 1998 ta kai magana gun jami'in shari'a mai binciken mace-mace. Ba ƙaramin abu ba ne likita ta tuhumi likita da kisa, a gari ƙarami, ba tare da hujja a hannu ba sai ƙidaya. 'Yan sanda suka yi bincike a ɓoye, ba su ko duba ko yana da tsohon laifi a kotu ba, suka rufe fayil ranar 17 ga Afrilu. Bayan rufewar nan ya kashe mutum uku. Ita Dokta Reynolds ta ga an yanke masa hukunci, amma makonni kaɗan bayan haka cutar daji ta ɗauke ta.

Muka yi azahar a masallacin garin, inda 'yan asalin Bangaladesh suka fi yawa, muka ci shinkafa a wani shago kusa, sannan muka hau bas zuwa Gee Cross. Unguwa ce a kan tudu, kudu da gari, a gindin tsaunin Werneth Low. Gidajen dutse, shuru, ga cocin Hyde Chapel da doguwar hasumiyarta mai tsini tana kallon kwarin. A nan Kathleen Grundy ta zauna, a nan aka binne ta.

Shekararta 81, ta taɓa zama uwargidan magajin garin Hyde, kuma ba tsohuwar kwance ba ce. Ita ce ma ke zuwa wani zaure tana taimakawa a raba wa tsofaffi abincin rana. Ranar 24 ga Yuni 1998 da safe Shipman ya je gidanta da sunan ɗibar jini. Da aka ga ba ta zo rabon abinci ba, abokan aikin suka biyo sawu, suka tarar da ita a kan kujerar falo, da kayanta a jiki. A gurbin musabbabin mutuwa a takardar shaida, abin da likitan ya rubuta shi ne tsufa.

Na daɗe ina juya wannan kalma a bakin katangar cocin. Tsufa. Kalma ce da ke rufe baki, don ba wanda zai yi jayayya da ita. Idan yaro ya faɗi ya mutu, gari zai tashi. Idan tsohuwa ce, sai a ce ta huta, ta ga jikoki, Allah Ya ba mu yawan kwananta. Mutumin nan ya san haka sarai, kuma a cikin wannan sassaucin namu na 'yan Adam ya yi shekara 23 yana aiki.

Abin da ya tona shi kwaɗayi ne da ganganci. Wata wasiyya ta ɓulla a ofishin wasu lauyoyi a garin, an buga ta da tafireta, bugu marar kyau, tana cewa marigayiyar ta bar wa likitanta dukiyarta, kimanin fam 386,000. 'Yarta lauya ce, kuma ta san uwarta: mace mai tsari, wadda ba za ta taɓa sa hannu a kan ƙazamar takarda irin wannan ba. Ta bi diddigin waɗanda aka ce sun yi shaida, sannan ta je wurin 'yan sanda. Takardar jabun ta nemi a ƙona gawar, amma kafin nan an riga an binne ta. Ranar 1 ga Agusta aka tono kabarin, aka samu mofin a jikinta. Aka samu tafiretar, ƙirar Brother, a wurin likitan, ya ce ai yakan ara mata ne. Aka samu zanen yatsansa a kan wasiyyar. Ya ce marigayiyar tana shan ƙwaya a ɓoye, ga shi ma ya rubuta a tarihinta. Ita kuwa kwamfutar da yake taƙama da ita tana ajiye ainihin ranar da sa'ar da aka shigar da kowane rubutu, kuma da aka bi tarihin majinyatansa ta wannan hanya sai ƙaryar ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka kama shi ranar 7 ga Satumba 1998.

Na so mu shiga maƙabartar. Auta ta ce, "Yaya, mu bar ta. An tashe ta sau ɗaya, ya isa." Na ga gaskiyarta. Muka haura tsaunin kaɗan, iska tana kaɗa mu, Manchester duka a shimfiɗe a ƙasa cikin hazo. Can gefe ga Hattersley, inda aka kama Ian Brady a 1965, shi da ya yi ta kashe yara tare da Myra Hindley. Gari ɗaya ya ɗauki wannan kaya sau biyu.

Shari'ar a kotun Preston aka yi ta, daga Oktoban 1999. Ranar 31 ga Janairu 2000 aka same shi da laifin kashe mata 15 da ƙirƙirar wasiyya, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Wannan shi ne adadin da na ji a rediyo. Sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a Dame Janet Smith, aka bi mace-mace sama da 800 ɗaya bayan ɗaya, sannan girman abin ya bayyana. Rahoton farko, a Yulin 2002, ya tabbatar da mutum 215: mata 171, maza 44, mafi ƙanƙanta mai shekara 41, mafi tsufa mai 93. Rahoton ƙarshe, a Janairun 2005, da ya waiwayi zamansa na Pontefract, ya ƙiyasta jimillar ta kai kimanin 250. Wani nazari da Farfesa Richard Baker ya yi ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na majinyatansa da suka rasu, yana wurin suka cika. Ga sauran likitocin yankin kuwa abin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Waɗannan alƙaluma suna nan a takardu tun farko. Ba wanda aka ɗora wa aikin tara su ya duba.

Shi dai ya rataye kansa a kurkukun Wakefield ranar 13 ga Janairu 2004, saura kwana ɗaya ya cika 58. Mukan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Masu kayan nan ba su ga ranarsu ba, 'ya'yansu kuma ya tafi bai ba su amsar tambaya ko ɗaya ba.

La'asar sakaliya muka gangaro, muka tsallaka babbar hanyar motar da ta raba garin biyu, muka shiga filin shaƙatawa na Hyde Park. A cikinsa akwai wani ɗan lambu da aka buɗe ranar 30 ga Yuli 2005 don tunawa da waɗanda aka kashe, suna kiransa Lambun Natsuwa. Ba girma gare shi ba. Furanni, ciyawa, wurin zama. Yayyafin ya tsaya. Muka share ruwan da ke kan benci da gefen hannu muka zauna.

A nan Auta ta gaya min abin da ya canja a aikinsu. Magunguna irin dayamofin yanzu da ƙidaya suke fita, da shaida, ragowar kuma a gaban ido ake lalata ta. Tun 2012 kowane likita sai an riƙa sabunta tantance shi. Sannan daga Satumbar 2024, duk mutuwar da aka yi a Ingila da Wales wadda ba ta je gaban mai binciken mace-mace ba, sai wani likita daban, wanda bai yi jinyar mamacin ba, ya duba takardun. Kwamitin Dame Janet ya nemi a gyara wannan fanni tun 2003. Shekara 21 aka ɗauka. Ta ce abin da ya fi burge ta a tsarin shi ne ana kiran iyalin mamaci a waya, a yi musu bayanin abin da aka rubuta, a tambaye su ko akwai abin da bai kwanta musu ba.

"Ana tambayar 'ya'ya," ta ce. Sai ta yi shiru.

Na san inda hankalinta ya tafi, don nawa ma can yake. Shekara shida ke nan da rasuwar Inna. Auta tana nan Ingila, ni ina Kaduna. Da asuba aka kira ni, kafin in iso an yi mata wanka, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta, kamar yadda addini ya koya mana, kuma ban taɓa jin ɗar a kan wannan ba. Ba na zargin kowa. Waɗanda suka yi jinyarta sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Amma duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi me ya same ta, amsar da muke bayarwa ɗaya ce: jiki ne na tsufa, kwana ya ƙare. Kwana ya ƙare, haƙiƙa. Sai dai ni ɗanta, da ta yi wa goyo har bayanta ya yi kanta, ban taɓa zama na tambayi yadda darenta na ƙarshe ya kasance ba. Me ta ci, me ta sha, wane magani aka ba ta, me ta ce. Na ɗauka yin tambayar kamar rashin tawakkali ne.

"Babbar Yaya ce ke wurin," Auta ta ce. "Ni ma ban taɓa tambayarta ba. Kunya nake ji, a ce ina jinyar iyayen wasu."

Wata mata ta shigo lambun da ƙaramin kare, ta gaishe mu da kai, ta tsaya jim a gaban furannin, ta wuce. Duhu ya fara sauka, fitilun hanya suka kama. Na duba agogo. A gida an idar da magariba. Na ciro waya na kira Zariya, na sa a lasifika don Auta ta ji. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi yaushe zan dawo, ta yi wa Auta faɗan rashin kira.

Na ce, "Yaya, in ba ki da aiki a gabanki, zauna. Labarin ranar da Inna ta rasu nake so ki ba mu. Ki faro tun daga daren."

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai muka ji ƙarar jan kujera.